Izga a Wuyan Hannun Maigidana

Maigidana mutum ne da ba ya iya magana sai da hannu. In yana ciniki a kasuwar shanu, daga nesa za ka gane inda aka kwana, don hannun nan yana sama yana ƙasa, ya dafa ƙugunsa, ya ja rigar mai saye, ya tafa. Fataucin shanu yake yi. Ya sayo a Bawku inda aka haife shi, ya biyo da su ta Yendi zuwa Salaga inda muke zaune a arewacin Gana, daga nan a haye da su ruwa a Makango a yi kudu. Ni kuwa koko da ƙosai nake sayarwa a ƙofar gidanmu a zango, unguwar Hausawa, kuma mutanen unguwa sun san ba na barin ko ta kwana, ba sai na ɓoye ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, ana tsakiyar bazara, motar da ta ɗauko shi da shanunsa ta faɗi bayan sun wuce Nalerigu. An zaro shi da rai, amma wuyansa ya taɓu. Na bar yara wurin ƙanwata na kama hanyar Yendi, inda aka kai shi asibiti. Mutanen asibiti sun yi iyakar ƙoƙarinsu, kuma sun gaya min gaskiya ba kumbiya-kumbiya: ƙafafu sun tafi, hannuwa ma haka, sai ɗan motsi da ya rage a wuyan hannunsa na dama. Bakinsa da hankalinsa kuwa garau. Da aka sallame mu, abokan sana'arsa suka kai mu gidan wani mai ɗori, mutumin Dagomba, a bayan gari. Aka ba mu ɗaki ɗaya mai ƙaramar taga, aka ɗaure masa wuya da kara da tsumma.

Wanda bai yi jinya a lokacin mangwaro ba, bai san ƙuda ba. Gidan nan akwai itatuwan mangwaro, yara suna sha suna yar da ƙwallo ko'ina, ga kuma garken shanu a bayan katanga. Daga garken ne bobuwa ke zuwa, ƙudan shanun nan mai cizo kamar an soka maka allura. Rana na yin sanyi kuma sauro ya karɓi aiki. Mai lafiya bai ma san sau nawa yake korar ƙuda a wuni ba, hannunsa ne ke yi da kansa yana can yana wani tunanin. Ni ma ban sani ba sai da ya zama ni ce zan kore wa wani.

Ba abin da ban gwada ba. Na samo kasko na hura gawayi, na zuba ɗanyen ganyen darbejiya, na zuba ɓawon lemu, matan gidan suka kawo min busasshen kashin shanu da dusar kaɗanya suka ce ba ƙwaron da ke tsayawa. Gaskiyarsu, ƙwari sun gudu. Sai dai mutumin da nake yi dominsa ƙirjinsa ba shi da ƙarfin tari, hayaƙin na shiga sai ya shaƙe, idanunsa su yi ja.

Ya ce, "Ke, ni kifin Makango ne da za ki ƙyafe ni?"

Na fitar da kasko, na ɗaura gidan sauro. Da rana ya zama kamar tanda, gumi na bin kunnensa, ya ce tun bai mutu ba na lulluɓe shi da fari. Maganin feshi na kanti kuma jiri yake sa shi. Abin da ya rage shi ne mafici. Haka nake zama a gefensa tun hantsi, in yi da dama in ta gaji in koma hagu, har kafaɗuna suka riƙa yi min zugi. Ban damu da gajiyar ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda yake kallon maficin, kamar da shi suke gaba.

Wata rana dillalan shanu na Yendi suka zo gaishe shi, suka cika ɗakin. Ya ji daɗi ƙwarai, ya shiga ba su labarin wani bijimi da ya taɓa korarsa har cikin masallaci a Bawku. Na fita in kawo musu ruwa. Ina dawowa na tarar ƙuda ya sauka a gefen bakinsa yana yawo. Ya hura, ƙudan ya tashi ya dawo. Ba ya iya kaɗa kai saboda ɗorin. Ya ci gaba da labarinsa, amma ba mai sauraro, duk idanunsu na kan ƙudan. Can sai ɗayansu ya tashi ya cire hularsa ya kore masa, yana cewa "sannu, sannu" da irin muryar da ake lallashin jariri. Bawan Allah, alheri ya nufa. Labarin bijimi bai kai ƙarshe ba.

Suna fita ya ce, "Kada a ƙara shigo min da kowa."

Daga ranar ya rufe baki. In na kawo abinci ya ci loma kaɗan ya ce ya ƙoshi. Mutumin da ke zagin direba da mahauci da gwamnati kafin ya karya kumallo, ya koma ba ya ko tsaki. Tsoro ya kama ni sosai, fiye da ranar da na gan shi a asibiti. Na ga mutum ne da ya ɗauki rashin ƙafa da haƙuri, ya ɗauki a yi masa wanka a juya shi, amma ya kasa ɗaukar cewa ko ƙuda sai an kore masa. Na san in aka ci gaba a haka, zai saki rai da kansa, ina zaune ina masa fifita.

Uwar mai ɗorin ce ta gane. Tsohuwa ce tukuf, kullum tana bakin ƙofarta tana fasa gyaɗa, Hausarta kuwa ta kasuwa, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta. Ta leƙo ɗakin ta daɗe tana kallonmu, sannan ta ce, "Kai mata, hannunka zai karye. Mijinka ba yaro ba. Ka bar shi ya kori ƙuda nashi."

Raina a ɓace yake, na ce, "Da me zai kora, Mma? Da kunne?"

Ta yi dariya ta tafi. Jim kaɗan sai ga ta da izga, baƙar wutsiyar doki mai tsawo, mariƙinta an naɗe shi da jar fata an ɗinka wuri, irin kuɗin da, a kewaye. Ta ce ta mijinta ce da ya rasu. Ba ta nemi izinin kowa ba, ta tura matashi ƙarƙashin gwiwar hannunsa, ta ɗora hannun a ƙirjinsa, ta ɗaure mariƙin a wuyan hannun da zaren fata. Sai ta ce masa, "Juya." Dabarar a nauyin mariƙin take. Ɗan motsin nan da ya rage masa, wanda ko cokali ba ya ɗagawa, ya isa ya karkata mariƙin, shi kuma mariƙin ya wurga gashin ya share fuska.

Da farko idonsa ya riƙa duka, wani lokaci gashin ya shige masa hanci ya yi ta atishawa. Ya zagi dokin, ya zagi uwar dokin. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Ya yi ta fama kwana da kwanaki, gumi na keto masa kamar mai noma. Wata safiya ina tace koko na ji shi yana cewa, "Zo mana, ɗan banza." Na juyo. Ƙuda ne a goshinsa. Ya ɗan karkata hannu, gashin ya tashi fyaɗ, ƙudan ya yi gaba. Bai kalle ni ba, cewa kawai ya yi, "Buɗe ƙofar nan, ɗakin ya yi duhu. Kuma wannan kokon ba sukari."

Farkon damina muka koma Salaga. Kafinta ya yi masa kujera mai jingina, kullum da safe a fito da shi zaure. Ƙudan Salaga ba wasa, musamman ranar kasuwa in an shigo da kifi, amma yana nan da izgarsa yana fama da su shi kaɗai. Mutane suka dawo. A jawo bijimi har ƙofar gida, ya dube shi daga kujera ya faɗi shekarunsa da cutarsa, ya nuna da izga inda ya rame. In na tsaya kusa da shi ya ce, "Je ki, masu koko na jira." Ya yi ƙiba har wuyan rigarsa ya matse shi.

Sai magana ta tashi. A ƙasarmu, wutsiya mai jar fata da wuri, a hannun masu duba da bokaye aka saba ganinta, sai kuma masu rawar gargajiya. Kowa ya san daga gidan mai ɗori muka dawo. Mutanen zango kuwa, in suka ga abu ba su tambayar mai shi, maƙwabcinsa suke tambaya. Wata maƙwabciyata ta tare ni a bakin rijiya tana murmushi.

"Mun ji an ba ku magani mai ƙarfi paa, ba na wasa ba, a Yendi. An ce ko barci ba ya cirewa."

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ƙuda yake kora, da masu shiga abin da ba ruwansu."

Bakina bai gyara komai ba. Wasu dattawa suka rage zuwa zauren. Na ce masa ko in yanke wurin nan, ya ce in na yanke nauyin ya tafi, kuma shi ba zai ɓata kayan tsohuwar da ta yi masa alheri ba saboda surutun banza. Maganar ta hau motar shanu ta tafi har Bawku.

A can maigida yake da yaya, limamin wani masallacin unguwa. Shi ya riƙe shi tun mahaifinsu ya rasu, shi ya saya masa ɗan maraƙinsa na farko, shi ya nema masa aurena. Maigida da furfurarsa bai taɓa haɗa ido da shi ba. Ni kuwa tsakanina da shi gaisuwa ce daga durƙushe, sai in tashi in ba da wuri. Maganar na kai masa sai ya taso Salaga, ya iso da hantsi, ƙurar hanya har gira, da farin rawaninsa da ya zo da shi daga Makka. Ya taɓa zuwa Yendi a kwanakinmu na farko a asibiti, lokacin ƙanin nasa bai san inda kansa yake ba, bai kuma sake ganinsa ba sai ranar. Ya tsaya a bakin zaure ya daɗe. Suka gaisa, aka yi addu'a, na kawo ruwa na koma bayan ƙofa.

Wan nasa ya ce, "Mene ne wannan a hannunka?"

"Izga ce, Yaya. Ta ƙuda."

"Na san izga. Na kuma san inda ake ɗinka mata wuri. Allah ya jarrabe ka, ka yi haƙuri har ka kawo nan, sai yanzu za a ce ɗan gidanmu ya rataya kayan boka? Na yarda ba ka nufi komai ba. To masu gani fa? In ta Allah ta kasance da wannan a hannunka, me zan ce wa mahaifinmu?"

Ba da faɗa ya yi maganar ba, kuma na san tsoro ne ya taso shi daga Bawku da tsufansa a bayan mota. A lokacin dai ban ga wannan ba, abin da na gani shi ne yatsunsa suna kwance zaren fatar a hankali. Ya naɗe izgar cikin tsumma ya tura ƙarƙashin buzunsa. Hannun maigida ya zauna a ƙirjinsa ba komai. Abin da ya ce kawai, "To, Yaya."

Jinina ya tafasa. Da wani ne, da unguwa ta taru. Amma wan miji ne, bakina ba shi da hurumi a gabansa. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohon maficina, na zo na durƙusa na ajiye a gabansa.

Na ce, "Yaya Malam, ga wannan. Ina da tukunya a wuta."

Ya dube ni, ya dubi maficin, ya ɗauka.

An yi ruwa da asuba, rana kuma ta fito da ƙarfi, irin ranar da ƙuda ke fitowa kamar an aiko su. Daga ƙofar madafa ina hango su. Malam ya fara fifita da ƙarfinsa, yana yi yana nasiha. Kafin azahar nasiha ta ƙare, ya fara sauya hannu. In ya ɗan tsaya ya gyara zama, sun dawo. Maigida ya rufe ido tun da aka kwance izgar, bai sake buɗewa ba. Na kai abinci, ya ce ba ya jin yunwa. Azahar a nan gefensa Malam ya yi ta, ni na riƙe maficin. Da aka kira la'asar sai ya ajiye shi a kan buzu, ya ɗauki buta ya nufi masallacin da ke jikin gidanmu. Bai kira ni ba. Ina jin a ransa ya ɗauka ɗan lokaci kaɗan ba zai yi komai ba, yadda duk mai hannu zai ɗauka.

Ina tsaye da muciya a hannu ina kallo suna sauka. Goshi, gefen hanci, bakin ido. Ƙafata ta ɗaga da kanta za ta tafi, na riƙe ƙyauren madafa na tsaya. Na san in na je na kore, Malam zai dawo ya tarar da komai lafiya, ya koma Bawku da izgar, ni kuma in koma mafici har ranar da mutumin nan zai gama sakin kansa. Na yi jinya shekaru, na ɗauki abin da ba ya faɗuwa, amma ban taɓa yin abin da ya yi min wuya irin tsayuwar nan ba. Ina kuka, miya na ƙonewa.

Malam ya dawo da carbi a hannu, ya yi turus a bakin zaure. Hawaye na bin gefen fuskar ƙaninsa, ƙudaje sun jeru a kan hawayen suna sha. Bobuwa ta cije shi a wuya har jini ya fito. Malam ya yar da carbin ya shiga kora da hannu biyu da hannun riga.

"Subhanallahi! Me ya sa ba ka kira ba?"

Maigida ya buɗe ido, karo na farko a rayuwata na ga ya dubi wansa cikin ido. Ya ce, "Wa zan kira, Yaya? In ɗaga murya in kira mutum saboda ƙuda? Sau nawa a wuni?"

Malam ya matso kusa da shi. Ya zauna ya ɗauki maficin, ya yi ta yi har magariba.

Washegari rana ta ɗan ɗaga, na ji ya yi gyaran murya a ƙofar madafa. Ya ce, "Uwar yara, akwai almakashi a gidan nan?" Na kawo masa. Ya aiki babban ɗanmu ya yanko reshen darbejiya mai kaurin yatsa. Sai ya zauna a buzu ya warware rawaninsa, ya shimfiɗa a cinya, ya sa almakashi. Na ce, "Yaya Malam!" Bai ɗago ba. Ya yi ta yanka shi siri-siri, ya tattara, ya ɗaure a kan reshen da zare, ya naɗe mariƙin da sauran ƙyallen. Hannun mai alƙalami ne, aikin bai yi kyau ba ko kaɗan. Ya ɗaura wa ƙaninsa ya ce ya gwada. Maigida ya karkata hannu, ƙyallayen suka ɗan motsa suka kwanta.

Na kasa haƙuri, daga bayan ƙofa na ce, "Nauyi take so a gindi."

Sai Malam ya murɗa zoben azurfar da ke yatsansa har ya fita, ya zura shi a gindin reshen ya ɗaure tam. Maigida ya sake gwadawa. Wannan karon ƙyallayen suka tashi suka shafi haɓarsa.

Zan faɗi gaskiya, ba ta taɓa kama ƙafar wutsiyar dokin ba. Ƙyalle na jan datti, in damina ta yi nisa ya yi danshi ya yi nauyi, abin da gashi ke yi bugu ɗaya sai an yi biyu ko uku. Har yau in na tuna ina jin haushin mutanen zango. Sai dai ba wanda ya isa ya buɗe baki a kan rawanin liman, dattawan nan kuma duk suka dawo zaure kamar ba su ba. Izgar tsohuwa kuwa Malam bai ƙona ta ba, yadda na yi zato. Da kansa ya tsaya a Yendi a hanyarsa ta komawa, ya mayar mata haɗe da goro. Daga baya ta aiko min da saƙo wai malamin nan ya iya gaisuwa.

Ranar da Malam zai tafi, ya fito da jakarsa, kansa ba komai sai 'yar hula, har ya yi min kamar wani baƙo. Ya sunkuya kan kujerar zai yi wa ƙaninsa addu'ar sallama. Yana cikin yi sai na ga hannun maigida ya karkata, farin ƙyallen ya tashi ya fyaɗi gemun Malam.

Malam ya ɗago a firgice. Maigida ya ce, "Ƙuda ne, Yaya."

Ina tsaye a wurin, ba wani ƙuda. Na dafe baki ina jiran abin da zai biyo baya.

Malam ya ce, "Tun kana yaro ba ka da kunya." Sai ya ajiye jakar, ya ƙara sunkuyawa har numfashinsu ya haɗu, ya juya masa ɗaya kumatun.

"Akwai wani ta nan gefen," in ji shi. "Kore min."